Farin Fenti a Kan Sukuru Huɗu

Sallama gare ku, masu bin labarin nan. Wata baiwar Allah ta rubuto min a ƙasan wancan rubutun cewa ni ba mutum ba ne, bulo ne. Na gani, kuma ban yi fushi ba. Lokacin da ta rubuta ba ta ma ji abin da na aikata ranar wata Laraba ba. Yau za ta ji, sai ta nemo min abin da ya fi bulo tauri.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice. Direba ne ni, shekarata hamsin da biyu. Na yi shekara ashirin da ɗaya a kan babbar mota har bayana ya ce ya gaji. Yanzu bas ɗin ma'aikatan wani kamfani nake ja, in kai su da safe in ɗauko su da yamma. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, tana ɗakin mijinta, amma bakinta kullum yana gidana.

Ita ce ta kawo min injin. Bayan rasuwar uwarta, tsakanin kai ma'aikata da ɗauko su ba na komai, sai in zauna a falo in zuba wa bango ido. Rannan ta shigo da wani baƙin akwati na roba ta dire a gabana.

"Baba, tunda bangon kake kallo, gara ka riƙa huda shi."

Injin huda ne mai batir. Ba waya, ba neman soket, ba jiran wuta. Batir biyu ne, ɗaya a jiki ɗaya a caji. Ga bakuna jere a murfin akwatin, na katako daban, na ƙarfe daban, na bango daban. A wuyan injin akwai zobe mai lambobi, in ka sa ƙaramar lamba zai ɗaure sukuru ya kai inda ya kamata, sai ya yi ƙar-ƙar ya tsaya, ba zai fasa maka katako ba. Ga ɗan maɓalli a gefe, ka tura nan ya ɗaure, ka tura can ya kwance. Giyar gaba da ribas ke nan, abin da na sani tun ina saurayi.

Satin farko na karya baki uku, na kuma huda bututun ruwan banɗakina na wuni ina kwalfa. Daga nan na yi hankali. Na koyi ƙwanƙwasa bango kafin in taɓa shi. Na koyi kada in huda saitin soket, sama ko ƙasa, don nan wayar wuta take bi. Na koyi naɗa salatif a bakin injin daidai zurfin da nake so, da manna ambulan a ƙarƙashin ramin ta tare ƙura. A wata uku babu abin da ya rage a ƙasa a gidana. Tsintsiya ma a rataye take.

Ita kuwa Mai Ɗinki, wadda saboda ita nake wannan rubutun, telar 'yata ce. Shekararta arba'in da ɗaya, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune a ɗaki biyu, na gaban shi ne shagonta. Kantar da take jera yadi ce ta rufto, 'yata ta ce mata, "Babana yana da inji," ko tambayata ba ta yi ba.

Na same ta tsaye cikin yadi har gwiwa. Doguwar riga ruwan toka, tef ɗin awo a wuya, tabarau a ƙarshen hanci, allura uku a soke a bakin hannun riga. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi akwatin.

"Kai ne mai hudar?"

"Ni ne direban."

"To Direba, wanda ya kafa min wannan da ƙusa ya buga. Ya ce za ta shekara goma."

"Ƙarya ya yi miki. Ƙusa ba ta riƙe bulo. Sai an huda an cusa roba, sannan a sa sukuru."

"Ka fara zagin mutane tun ba ka sha ruwan gidan ba."

Na kafa kantar, na kama ta na yi lilo da duk nauyina don ta gani. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ban san abin da ya shige ni a lokacin ba, amma da yamma na wuce inda nake sauke mutum shida, sai da suka buga min jikin mota.

Daga nan saƙo ya fara. Ita rubutu take yi mai kyau, da gaisuwa da komai. Ni a aji huɗu na bar makaranta, kuma yatsana ya fi harafin waya girma, saboda haka amsata ba ta wuce "To." Wannan rubutun ma faɗa nake ana buga min.

"Direba, barka da rana. Ƙarfen labule ya sunkuya, in ka samu sarari."

To.

"Direba, ya gajiya? Madubin da mata ke duba riga yana son bango."

To.

Na kafa labule, na kafa madubi. Na yi mata wurin rataye zare, ƙananan turaku arba'in a jikin katako ɗaya, kowane launi da wurinsa. Na ɗaure ƙafar teburin yanka, na sa sakata a ƙofar baya. Wata bakwai muna haka. Duk zuwan da zan yi sai ta dafa shayi, kofi biyu, ta ajiye a bakin tebur ta zauna.

"Zauna mana."

"Bari in gama."

In na gama shayin ya huce, in shanye a tsaye, in mayar da bakunan kowane raminsa, in rufe akwati, in ce sai anjima.

Masu tambayar me ya hana ni magana, ku saurara. Na shirya maganar nan a cikin bas ya fi sau ashirin, har da inda zan tsaya in yi numfashi. Da na shiga ɗakin ta dube ni ta saman tabarau, sai harshena ya yi nauyi, hannuna ya tafi kan akwati da kansa. Injin nan yana da wani amfani da ba a rubuta a kwalinsa ba. In yana ƙara, ba wanda zai ce ka yi shiru. Kuma ni a ganina magana nake yi. Mutum ya bar hutun bayansa ya zo ya durƙusa a ɗakinki yana shaƙar ƙura, in wannan ba magana ba ce, mece ce?

Ga kuma wani manemi a gefe. Yayanta mai kantin magani ne ya kawo shi, abokinsa ne, ma'aikacin ofis. 'Yata ta sa masa suna Mai Turare, don in ya fita daga shagon sai an buɗe taga. Kullum da safe yana turo mata saƙo da hoton fure. Na taɓa gani wayarta ta yi haske a kan tebur, rubutu ne tun daga sama har ƙasa kamar takardar kotu. Yayan ba mugu ba ne, kuma ba tilasta mata yake yi ba. Ya dai gaji da ganin ƙanwarsa ita kaɗai, sai ya zama duk haɗuwarsu tambayar ɗaya ce: to, me kika yanke?

Yanzu ga abin da ya kawo mu.

Akwai kabad ɗin da take rataye ɗinkin mutane. Ƙofarsa ta hagu tana juyawa a kan ƙarfe biyu, na saman yana da sukuru huɗu. Ta turo cewa ƙofar ta saki. Na je na ɗaure. Kwana goma, ta sake turowa. Na ce ramin ne ya yi faɗi, na cusa tsinken ashana da gam, na sa sukuru masu tsawo. Sati biyu, saƙo ya sake shigowa: "Direba, ƙofar nan fa."

Abin ya tsaya min a rai. Mutumin da ya shekara ashirin da ɗaya taya ba ta taɓa fita masa a hanya ba, a ce ƙofar kabad ta gagare shi? Na zargi injin, na zargi katakon, har na koma wurin mai sayar da sukurun na yi masa tatas a gaban jama'a, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai na yi abin da duk direban babbar mota ya sani. In ka ɗaure notin taya, kana jan layin farin fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfe. Da safe ka zaga ka duba, in layin ya rabu ka san notin ya motsa. Zuwana na uku, da ta shiga ciki ɗauko shayi, na ɗaure sukurun huɗu na ja wa kowane siririn layi da tsinke. Ban gaya mata ba. Ban ga dalilin damun mace da maganar taya ba.

Ranar Laraba da safe saƙo ya shigo. "Direba, ƙofar nan dai. Ka zo da rana in babu damuwa. Yaya ma zai zo."

To.

Na tafi da rigar aiki, da baƙin mai a hannun riga. Na same ta cikin wata riga ruwan ganye da ban taɓa gani ba, da mayafi mahaɗinta, ba tef a wuya, ba allura a hannu. An share ɗakin tas, an kawar da yadi daga teburin yanka, an jera kofi uku da farantin biskit. Yayan yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga kujera guda babu kowa a kusa da shi.

"Yaya, ga Direban da nake gaya maka."

"Madalla. Zauna, malam, mu gaisa sosai."

"Bari in duba ƙofar tukuna," na ce.

Na hau kan benci na haska da fitilar waya. Duk layukan huɗu sun rabu. Ɗaya ya juya rabi, ɗaya ya kusa zagayowa. Ba wannan ne ya tayar min da hankali ba. Sukurun da ya saki don kansa ba ya samun rauni a ka. Waɗannan kuwa an ƙwarzane kawunansu, ƙarfen yana ƙyalli.

"Wannan ba saki ya yi ba," na ce. "Kwance shi aka yi."

Mai Ɗinki ta yi saurin turo kofi zuwa bakin tebur.

"Direba, shayinka zai huce."

"Bar shayi. Zo ki gani."

Ba ta taso ba, Yayan ne ya taso ya sa tabaransa. Na yi masa bayanin fenti da notin taya dalla-dalla, yana gyaɗa kai. Ban taɓa magana mai tsawon wannan a ɗakin ba.

"Wa ke shigowa nan?" na tambaye ta, kamar jami'in da ya tare mota a hanya.

"Mata masu kawo ɗinki."

"Mace za ta zo karɓar riga ta hau benci ta kwance sukuru huɗu? Har sau huɗu?"

"Direba." A hankali ta faɗa.

"Kuma ba da sukundireba aka yi ba. Dubi yadda aka cinye bakin."

Na waiwaya, idona ya faɗa kan ƙaramin almakashi a gefen keken ɗinki. Tsininsa ɗaya ya lanƙwashe. Na ɗauko na sa a kan sukurun, ya zauna daram. Na miƙa wa Yayan.

"Ga shi. Har da fentina a bakinsa. Na wane ne wannan?"

Wallahi har lokacin ban gane ba. Ji nake kamar na kama ɓarawo da kaya a hannu. Yayan ya jujjuya almakashin, ya dubi ƙanwarsa, ya dubi kofi ukun, ya dubi rigar ruwan ganye. Sai ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗarsa tana rawa.

"Ƙanwata, ashe har kafinta kika koya ban sani ba."

Ta sunkuyar da kai. Mace mai shekara arba'in da ɗaya, a gaban yayanta, tana murza bakin mayafi kamar yarinyar da aka kama.

Ni kuwa na ce, "Ko ma wane ne, yau ya gama." Na canza baki, na huda gefen kabad ɗin har ta ɗaya ɓarin, na zura ƙusoshi masu noti, na ɗaure kowace da noti biyu daga baya, na tura kabad ɗin ya manne da bango. Minti goma sha biyar injin yana ƙara. Da na sauko daga benci Yayan ya tafi, kofinsa cike. Ita kuma ta koma rigar ruwan toka, tef a wuya, tana zaune a kan keke.

"Na gama. Wannan ko da sifana aka zo sai an sha wuya."

Ba ta ɗago ba. "Na gode, Direba. Yanzu babu abin da zai sake lalacewa a gidan nan."

Na ce madalla. Ku ji fa, madalla na ce, na rufe akwati na fita ina jin daɗi.

Washegari 'yata ta zo da rana, na ba ta labari tun daga fenti har noti. Tana cikin ninke kayan wanki ta tsaya cak.

"Baba, almakashin wa ka ce?"

"Nata. A gefen keke na same shi."

"Kuma su nawa ne a gidan?"

"Ita kaɗai."

"To?"

"To me? Wani ne ya ɗauka ya yi aika-aikar."

Ta zauna a hannun kujera ta riƙe kai. "Baba, don Allah ka sa giyar gaba. Matar nan ka kafa mata komai, babu sauran abin da za ta ce ka zo ka gyara. Me kake so ta yi?"

"Wane mai hankali ne zai lalata kayansa da hannunsa?"

"Wanda yake so wani mai taurin kai ya zo ya zauna ya sha shayi. Ta sa sabuwar riga. Ta kira yayanta. Ta ajiye maka kujera a kusa da shi. Kai kuma ka hau benci ka tona mata asiri, sannan ka ɗaure hanyar da noti biyu."

Sai na ji zufa tana bin bayana.

"Ita ma da laifinta," na ce. "Me ya hana ta buɗe baki ta faɗa?"

"Kai me ya hana ka?"

Kwana tara wayata ba ta kawo sunanta ba. In ta yi ƙara in zabura, in ga kamfanin waya ne ko manajan motoci. Rana ta uku na zauna na rubuta da yatsa ɗaya, "Kofar lafiya." Alama ta nuna ta karanta. Shiru. Rana ta biyar na ce bari in yi saƙon murya. Na danna, na yi gyaran murya, maganar ta ƙi fita, wani ya yi hon a bayana na zage shi, yatsana ya zame saƙon ya tafi a haka. Shi ma ta saurara. Shiru.

Na shiga haushin kowa. Na yi faɗa da ma'aikata a kan rufe ƙofar bas, na yi faɗa da maƙwabcina a kan inda ya ajiye babur. A gida na duba ko'ina babu abin kafawa, sai na ɗauko wani guntun katako na yi ta huda shi har batir na farko ya mutu, na sa na biyu shi ma ya mutu. Na zauna ina kallon katakon ya koma rariya. Na ce wa injin, kai ma ba ka da amfani. Alhali shi aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Ranar Alhamis da yamma 'yata ta kira.

"Baba, na je karɓar ɗinkina. Ko sunanka ba ta ambata ba. Amma na ji tana waya da yayanta. Gobe bayan la'asar Mai Turare zai je kantinsa jin amsa."

"Me za ta ce?"

"Ni na sani? Shi dai ya tambaya, kai ba ka tambaya ba."

Juma'a da hantsi ta zo gidan. Ta goge min farar rigata, ta sa na aske gemun da ya yi kwana tara. Na nemi wani direba ya ɗauko min ma'aikatan yamma. Da lokaci ya yi na sunkuya zan ɗauki akwatin, sai na ji shi sakayau. Na buɗe, babu batir ko ɗaya. Tana tsaye ta rungume jakarta.

"Ba ni batir ɗina."

"Sai ka dawo."

"In na je ta ce wani abu ya saki fa?"

"Baba, ajiye akwatin nan ka fita kafin in kira mijina ya ɗauke ka."

Ban taɓa sanin hannu yana da nauyi ba sai ranar. Na sa su a aljihu, na fitar, na goya a baya. Da na isa akwai mata biyu a shagon, tana gwada ɗaya. Na yi sallama daga bakin ƙofa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi hannuna.

"Babu abin da ya lalace, Direba."

"Na sani. Ni na ɗaure."

Ta ci gaba da awonta. Kafaɗa, hannu, tsawo, tana rubutawa a littafi ba gaggawa. Ta gama da wannan ta kama ta biyun, har da hirar irin wuyan da ake yayi. Na fi minti ashirin a tsaye a rana cikin farar riga. Da suka fita ɗaya ta ce min, "Sannu da tsayuwa, Baba," suna ƙunshe dariya.

"Shigo," in ji Mai Ɗinki, "kada mutane su ce hukunta ka nake yi."

Na shiga. Babu shayi. Idona ya tafi kan ƙofar kabad da kansa, tana nan daram. Na ɗauke kai.

"Na zo ne," na ce, na tsaya.

"Na ga ka zo."

"Ni ban iya magana ba."

"Ka iya mana. Rannan ka yi wa Yaya lacca a kan notin taya, ko numfashi ba ka yi."

"Ban gane ba ne a lokacin."

"Yanzu wa ya ganar da kai?"

"'Yata."

"Allah ya yi mata albarka. Ni almakashina ya lalace, kuma Yaya duk sanda ya kira sai ya ce ina kafinta. Ka san rabon da in ji kunya irin wannan? Tun ina 'yar makaranta."

"Na yi laifi."

"Ka yi."

Ta ɗauki wani yadi tana ninkewa. Na ga in ta gama ninke shi za ta ce in tafi. Duk maganar da na shirya a bas ta gudu, babu ko kalma ɗaya. Sai na faɗi abin da ya rage.

"Aurenki nake so. Tun ranar kanta. Ba ni da hoton fure, kuma ba zan iya rubutu mai tsawo ba. Ina son ki, shi ke nan."

Hannunta ya tsaya a kan yadin.

"Wata bakwai," ta ce. "Wannan 'yar maganar ce ta ci wata bakwai."

"To me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Ba a ɓoye ka ba ni kunya ba, Direba, a gaban yayana ka yi. A gabansa za ka maimaita abin da ka faɗa yanzu, kada ka rage ko harafi."

Ta cire tef daga wuya, ta zare allurar hannun riga ɗaya bayan ɗaya, ta yafa mayafi ta kulle shagon. Tana gaba ina baya. Kantin maganin layi biyu ne tsakani. Tun daga kwana na hango wata mota wankakkiya a ƙofarsa, kuma kafin mu shiga hancina ya gaya min wa ke ciki.

Yana zaune a kujerar baƙi, riga a goge, waya biyu a hannu. Yayan yana bayan kanta. Ya dube ni, ya dube ta, gefen bakinsa ya motsa.

"A'a, Direba ne. Yau kuma wa aka kama?"

Na waiwaye ta ko za ta taimaka min. Ta naɗe hannu a ƙirji tana karanta kwalayen magani. Na cire hula na riƙe, don hannuna ya samu abin yi.

"Auren ƙanwarka nake so. Tun ranar kanta. Ba ni da hoton fure, kuma ba zan iya rubutu mai tsawo ba. Ina son ta, shi ke nan."

Mai Turare ya ajiye waya ɗaya a kan cinya. Dariyar da ke fuskar Yayan ta ɗauke. Ya shafa kai, ya dubi abokinsa, ya sake dubana.

"Malam, ka zo a makare. Bayan abin da na gani ranar Laraba na ɗauka babu magana a wurinka. Jiya na riga na ba bawan Allahn nan maganata."

Na ji babu abin da ya rage sai in sa hula in fita. Sai na ji ƙarar kujera a kan siminti. Ita ce ta jawo ta roba daga lungu ta ajiye a bayana, ta jawo wata ta ajiye a gefenta, ta zauna ta gyara mayafi.

"Taka ka ba shi, Yaya," ta ce. "Tawa tana wurina. Zauna, Direba."

Wannan karon na zauna.

Yayan ya cire tabarau ya ajiye a kan kanta. Ya zagayo a hankali, ya je ya janyo ƙofar kantin ya rufe, mu huɗu a ciki.